Naƙudar Gunya da Sarƙa a Ƙafa

Na san sunan da kuke kirana da shi in na ba da baya: Baba Ungozoma. Ba na jin haushi, don wanda ya fara laƙaba mini shi ya riga mu gidan gaskiya, kuma ya fi ku iya tsokana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ɗayanku ya yi rannan a bakin barga, yana danna waya ko kai bai ɗago ba, wai ai goɗiya da kanta take haihuwa, ni nawa zama ne a kan buhu da cin goro. To, ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Goɗiya da kanta take haihuwa ranar da abin ya zo daidai. Ni ana ajiye ni ne saboda ranar da bai zo daidai ba, ita kuwa wannan rana ba ta aiko da goron gayyata.

Ku samarin yanzu ingarma kuka sani. Ku wanke shi, ku ɗaura masa sirdi, ku fita kilisa da yamma ana kallonku. Babu ɗayanku da zai yarda a gan shi a bayan goɗiya, wai abin kunya ne. Kowa yana son ɗan, babu mai son ciyar da uwar. Shi ya sa goɗiyoyi suka koma can ƙauye, bayan rumbu, wurin tsofaffin da ba su da wanda za su burge. Ni a can bayan rumbun na ƙare rayuwata, daga Bebeji zuwa Kiru, daga Kiru zuwa ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa, ina jiran haihuwar dabbobin mutane.

Ranar da mahaifina ya kai ni koyon wannan aiki wurin Malam Jibo a garin Ƙofa, mutumin bai tambayi sunana ba, hannu ya ce in miƙo. Ya juya shi gaba da baya, ya ba ni reza ya ce in je in yanke farcena har sai na ji zafi.

"Wannan hannun wata rana cikin goɗiya zai shiga," in ji shi. "Farce guda ya isa ya kashe ta."

Daga nan sai kwasar kashin doki, da ɗebo ruwa, da yankan ciyawa a fadama, shekara da shekaru ban taɓa ko wutsiyar mai ciki ba. Malam Jibo gajere ne, mafaɗaci, ba ya bayani. In ka yi tambaya sai ya ce idonka na mene ne. Kayan aikinsa duka a jakar fata ɗaya suke, ita ce nake rataye da ita har yau: sabulun salo, da man gyaɗa a kwalba na shafa wa hannu, da tsumman atamfa na naɗe wutsiya, da igiyar auduga mai laushi wadda ba ta yanka fata, da 'yar ƙwarya. Abin da na ƙara a zamanina ruwan aidin ne na cibiya da tocila. In kun raina jakar, ku raina, ni ma na raina ta a lokacin.

Goɗiyar farko da ya bar ni na tsaya a kanta wata bidi ce, mai launin toka-toka, ta wani mahauci a Bebeji. Mai ita ya rantse ta cika wata goma sha ɗaya, ya ce yau ko gobe. Malam Jibo bai kula shi ba, don lissafin wata kan gaya maka lokacin da za ka fara duba ne kawai, ba ya gaya maka rana. Ya sa na durƙusa na leƙa hantsarta. Ta cika, amma da ta ɗan zaga da rana sai ta saki. Ya ce da saura. Kullum da safe da yamma ina leƙawa, har ranar da hantsar ta ƙi saki, ta yi tauri tana ƙyalli. Cikin da a da yake a gefe ya sauka ƙasa, kwiɓinta ya faɗa. Ya kama hannuna ya danna a kuturinta, gefen gindin wutsiya, inda ka san nama ne mai tauri, sai na ji ya yi laushi kamar ƙullun ƙosai. Ya ce in ɗaga wutsiyar. Na ɗaga, ba ta ja da ni ba. Bayan 'yan kwanaki wani abu ya daskare a kan nonon, launin kakin zuma.

Sai ya tatso ɗigo a tafin hannuna ya ce in lasa. Na dube shi, ya dube ni, na lasa. Ruwa ne tsararo mai gishiri. Kullum sai na lasa, mahaucin yana yi mini dariya wai na zama ɗan goɗiya. Wata yamma na ji gishirin ya tafi, abin ya yi fari, ya yi kauri, har da ɗan zaƙi. Na gaya wa Malam Jibo. Bai ce na yi daidai ba, ɗaukar tabarmarsa kawai ya yi ya dawo bayan barga. Kafin gari ya waye ta haihu.

Amma duk waɗannan alamu, sai goɗiyar ta ga dama. Wani Alhaji mai gonar shinkafa a wajen Bagauda ya taɓa kirana, tasa tana zubar da nono har ya jiƙa mata ƙafafun baya. Mutumin kirki ne, sai ɗoki. Ya sa aka jera benci a gaban turken, ya kira ƙannensa da abokansa, ana dafa shayi, ana haska ta da waya, wai kowa yana son ya ga fitowar dukushi. Na ce masa, "Alhaji, in a ɗakinka ne za ka tara wa mai naƙuda jama'a haka?" Ya yi dariya ya ce dabba ina ta san kunya. Ta riƙe abinta kwana da kwanaki, tana tsaye tana kallonsu suna kallonta. Ranar Juma'a suka watse suka tafi masallaci, suna dawowa suka tarar da dukushi yana tangaɗi yana neman nono. Alhaji ya yi fushi da ni, wai na ɓoye masa. Goɗiya dabbar dawa ce a asalinta, ba ta kwanciya ta haihu sai ta tabbata babu ido a kanta, kuma tana iya jira fiye da yadda kai za ka iya.

In kuwa ta fara, babu jira kuma. Saniya takan wuni tana naƙuda ɗan ya fito da rai, Fulani shaidu ne. Goɗiya ba haka take ba. Daga fashewar faya zuwa faɗowar ɗan, bai kai a dafa shinkafa ta nuna ba. Za ka ga farar jaka ta leƙo, a cikinta kofato biyu, ɗaya ya ɗan wuce ɗaya, hanci kwance a kansu. In ka ga haka, zauna a kan buhunka ka ci goronka, kamar yadda abokinku ya ce. Kada ka yanke cibiya, za ta tsinke da kanta. Kada ka ja mabiyiya, ɗaure ta kawai don kada a taka, in ta faɗo ka shimfiɗa ta a ƙasa ka duba ƙafafunta biyu kamar wando, ka tabbata babu guntun da ya rage a ciki. In kuwa kofato ɗaya ka gani, to ka tofar da goron.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da ba ta yi kyau ba.

Bayan rasuwar Malam Jibo 'ya'yansa suka sayar da dawakin suka sayi babura, ban ga laifinsu ba, babur ba ya cin harawa. Irin goɗiyoyinsa, masu dogon wuya da sanyin hali, ya bi duniya ya ɓace. Guda ɗaya ta rage wadda na san inda take, jikar babbar goɗiyarsa, ana ce mata Gunya saboda launinta, fari mai ratsin ɗorawa. Tana hannun wani dattijon Bafillace, Malam Sambo, wanda ya daɗe da zama yana noma a wata 'yar unguwa gaba da Tudun Wada, hanyar Doguwa, daf da bakin daji. Ni na karɓi haihuwar Gunya, ni na karɓi ta uwarta.

A wannan shekara ɓarayin shanu suka matsa wa yankin. Dare ɗaya suka kore garken Malam Sambo kakaf, har da shanun huɗa. Gunya ta tsira ne don a lokacin tana wurina a Kiru, an kawo ta barbara. Da na mayar masa da ita, mutumin da na sani da ruga cike sai na tarar da shi zaune a kan turmi, igiyoyin maruƙa a gabansa babu abin ɗaurewa. Ya tashi ya rungume wuyanta. Ita ce kaɗai abin da ya rage masa mai numfashi, ita da abin da ke cikinta.

Da lokacinta ya matso, cikin bazara, ya aiko na je na tare a zaurensa. Ina isa turken da ke bayan gidansa na ja na tsaya. An yi wa Gunya dabaibayin ƙarfe a ƙafafun gaba, gajere, aikin maƙeri, an rufe da ƙaton kwaɗo. Daga nan sarƙa ta tafi zuwa wani ƙarfen tsohuwar mota da aka binne aka zuba masa siminti, kusa da katangar ɗakin harawa.

"Malam Sambo, wannan fa? Mai ciki kake ɗaure wa da ƙarfe?"

"Malam Haladu, igiya wuƙa ɗaya ta ishe ta. Na gani da idona."

"Na sani. Amma mai naƙuda sai ta kwanta ta tashi, ta kwanta ta tashi, da haka ɗan yake gyara kwanciya. Wannan abin ba zai bar ta ba."

Ya zaro wata igiya daga wuyansa, layarsa ce da makullin a jiki. "Ga shi nan. Ranar da ta fara, kira ɗaya za ka yi mini. Ina zan je? Wanda ba shi da shanu ina yake zuwa?"

Na ce ya ba ni makullin in riƙe. Ya sunkuyar da kai ya ce ba don bai yarda da ni ba ne, amma in babu shi a wuyansa barci ba ya ɗaukarsa. Ban matsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, kuma ni ba a kore mini garke ba balle in koya masa haƙuri. Muka shirya a kan za a riƙa rufe ta da magariba, shi kuma in ya dawo sallar asuba ya buɗe. Haka aka yi ta yi. Doki a tsaye yake barci, mai tsohon ciki kuwa ba ta son kwanciya, don haka babu wanda ya ga aibun ƙarfen.

Alamu suka zo ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na lissafa muku. Kuturi ya saki, kaki ya fito ya faɗi, nono ya yi fari ya yi zaƙi har yana ɗiga da kansa. Na ce yau ne. Ba ta haihu ba. Na ce gobe ne. Shiru. Dalili kuwa a fili yake. Mazan unguwar gadi suke yi kowane dare, matsayarsu kuma gindin tsamiyar da ke bayan gidan Malam Sambo, don nan ne ya kalli daji. Motsi kaɗan sai tocila ta haska, sai a busa usur, sai wani ya leƙo ta kan danga ya ce, "Baba, ta haihu kuwa?" Na roƙe su su matsa gaba. Babbansu ya ce, "Haba Malam, mu bar bakin daji a buɗe saboda kunyar goɗiya?" Shi ma da gaskiyarsa. Gunya ta tsaya a kan ƙafafunta tana riƙe da abinta, nonon farko, wanda shi ne maganin dukushi, yana zuba a ƙasa a banza. Na riƙa tarar abin da na samu a ƙwarya, raina a ɓace.

Ran da abin ya faru, gari ya waye ba ta haihu ba. Goɗiya ba safai take haihuwa da rana ba, sai na yi salla a zaure na ɗauki lauje na sauka fadamar da ke bayan gidan in samo mata ɗanyar ciyawa, don ta daina kula harawa. Ina can na ji ƙarar babura, ban kawo komai a raina ba. Da na dawo da damin a kai, unguwa tsit, babu muryar namiji ko ɗaya. Abin da nake ji kawai ƙarar sarƙa.

Gunya ta jiƙe sharkaf da gumi daga wuya har kwiɓi. Tana waiwayen cikinta, tana son ta tona ƙasa da ƙafa, ƙarfe yana hana ta. Kwaɗon yana nan a rufe.

Inna Hajjo, uwargidan Malam Sambo, ta fito da sauri tana gyara mayafi. "Sun tafi duka, Malam. Wani ya zo ƙofar masallaci ya ce jami'ai sun ƙwato shanu daga daji, an tara su a gari, kowa ya je ya nuna nasa kafin a raba. Ko gida bai shigo ba, daga masallaci ya hau babur."

"Makullin fa, Inna?"

Ta dafe bakinta da hannu biyu.

Abin da Gunya take jira kenan, a watse a ba ta wuri, ga shi an watse. Na ruga na hau wani suri a bayan danga, nan kaɗai waya take kamawa a unguwar. Na kira, ba ta shiga ba. Na sake, ba ta shiga ba. Na danƙa wa Inna Hajjo wayar na ce ta tsaya a kan surin kada ta daina kira. Kafin in sauko na ji fayar ta fashe.

Ta durƙushe ta kife a gefe ɗaya. Da yake sarƙar gajera ce, ba ta da zaɓin inda za ta faɗi, sai bayanta ya manne da katangar ɗakin harawa, ko tafin hannu ba ya shiga tsakani sai da ƙyar. Na naɗe wutsiyar, na wanke hannu, na shafa mai, na matsa kaina a jikin bango na leƙa. Farar jaka ta fito. Hanci na nan. Kofato ɗaya ne.

Ɗayar ƙafar ta lanƙwashe a ciki ta tokare. Wannan ba baƙon abu ba ne, na gyara irinsa ba sau ɗaya ba. Maganinsa ka tayar da goɗiyar tsaye, ka ja ta ta taka, ka juya kanta wajen gangare, sai ɗan ya zame ya koma ciki, ka sami wurin sa hannu ka miƙe ƙafar. Aikin ɗan lokaci ne. Amma saniya ce take fara tashi da ƙafafun baya. Doki sai ya miƙa na gaba ya dogara a kansu, na gaban kuwa su ne a cikin ƙarfe. Na kama ragama na ce, "Tashi, Gunya." Dabba mai jin magana, ta yunƙura, ta ɗaga wuya, ta jefa ƙafafun gaba, sarƙa ta fizge su, ta dawo ƙasa da dukan nauyinta. Ta sake, ta sake faɗuwa. Na ga fatar ƙafar ta yage, na daina ce mata ta tashi.

Matan unguwa suka taru, masu goyo da tsofaffi. Na ce a kawo gatari. Na sa dutse a ƙarƙashin kwaɗon na riƙa sara da bayan gatarin. Kowane duka a ƙashinta yake ƙarewa, tana zabura tana buga kai da ƙasa. Kwaɗon ya lotsa, ya karkace, bai buɗe ba. Malam Sambo ya zaɓi wanda ɓarawo ba zai iya fasawa ba, kuma ya iya zaɓe. Muka gwada tone turken, fartanya tana tsalle a kan siminti. Maƙeri yana gari, inda kowa ya tafi.

Wata tsohuwa a cikinsu ce ta ce, "In ba a iya matsar da ita, a matsar da bangon mana." Suka shiga ɗakin harawar ta ciki, da taɓare da fartanya, suka rushe katangar suna janye ƙasar da hannu don kada ta danne ta. Na sha ganin aikin gayya, ban taɓa ganin mai sauri kamar wannan ba. Wuri ya samu. Na kwanta rubda ciki a kan ɓaraguzan na zura hannu har kafaɗa.

Ku da kuke ganin zama ne, ina so wata rana ku sa hannunku a ƙofa a rufe ta a kai, a buɗe, a sake rufewa. Haka nishin goɗiya yake yi wa hannu. Ni ina tura ɗan ya koma, ita tana turo shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ta, kuma a kwance take, babu gangaren da zai taimake ni. In ta saki in sami ɗan yatsa guda na wuri, in ta yunƙura in rasa shi. Ina ganin harshen dukushin a gefen fuskata, da fari ja ne, yana motsi. Ina cikin haka na ji Inna Hajjo daga kan suri, kira ya shiga, tana ihu a waya, muryarta har ta dushe: "Malam! Malam, ka dawo da makulli! Gunya ce! Ka dawo!"

Rana ta ɗaga sosai kafin in kamo gwiwar. Na bi ta har kofato, na rufe shi da tafin hannuna don kada ya yage uwar, na jawo shi a hankali ya miƙe. Na ɗaura igiyar auduga a ƙafafun biyu, mata suka kama, na ce kada a ja sai ta yi nishi. Nishin nata ma ya yi rauni. Da ƙyar ya zame ya faɗo, jini mai yawa ya biyo shi, wanda bai kamata ya biyo ba.

Mace ce. Launin uwarta sak, da dogon wuyan nan na gidan Malam Jibo. Harshen ya riga ya yi shuɗi. Na share mata hanci, na toshe ɗaya na hura ɗaya, na goge ta da harawa da ƙarfi, na sake hurawa. Na ji zuciyar tana bugawa a ƙarƙashin tafina, nesa-nesa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba. Na ci gaba da hurawa har bayan ta daina. Tsohuwar nan ce ta dafa ni ta ce, "Ya isa, Malam."

Gunya ta ɗago kai tana wannan ƙaramin gurnanin da goɗiya take yi wa ɗanta, tana son ta juyo, ƙarfe bai bar ta ba. Muka jawo 'yar muka ajiye a gaban hancinta. Ta shinshina, ta fara lasa. Na ɗaga leɓen Gunya na duba dasashi, fari fat. Jini yana zuba a ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Na hau suri na kira likitan dabbobi na gari, mutum ne da muke aiki tare, na faɗa masa abin da na gani. Ya ce ko yana tsaye a wurin babu abin da zai iya. Muka kafa mata zana don rana, na jiƙa tsumma ina goge mata fuska. A rayuwata na rasa dukushi da yawa, na rasa goɗiyoyi, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan zama ba, don na san abin da ya kashe su ba ciwo ba ne. Ta daina lasa kafin azahar.

Malam Sambo ya iso ba da jimawa ba, a ƙasa. Bai sami babur ba, kowa yana jiran shanu, motar itace ce ta rage masa hanya, sauran ya ƙarasa da gudu, dattijo mai furfura, takalmansa a hannu ɗaya, makullin a ɗaya hannun, ya tsinke shi daga igiyar tun a hanya. Daga baya na ji daga bakin waɗanda suke tare cewa layi ya kusa zuwa kansa lokacin da wayar ta shiga, har ya ce musu ya ji kukan wata saniyarsa ta bayan katanga, ya gane muryarta. Ya bar layin ya juyo. Da ya koma washegari an riga an raba, wani ya rantse shanun nasa ne ya tafi da su.

Ya tsaya a kanmu yana haki. Ya dubi katangar da aka rushe, ya dubi 'yar, ya dubi uwar.

"Malam Sambo, sai haƙuri," na ce. "Allah ya mayar da alheri."

Ya durƙusa a gaban ƙafafunta ya kama kwaɗon. Makullin ya shiga rabi ya tsaya. Dukan da na yi masa da gatari ya lanƙwasa cikinsa. Ya zare, ya hura ramin, ya goge makullin a rigarsa, ya sake sawa. Ya nemi man gyaɗana ya ɗiga. Inna Hajjo ta ce, "Malam, bari mana, ta riga ta tafi." Ko waiwayowa bai yi ba. Yana nan durƙushe yana murɗawa har maza suka fara dawowa da la'asar.

Mushen doki daji ake ja a kai, amma ga sarƙa, ga zafin bazara da ba zai bari a jira maƙeri har gobe ba. Wani ya kawo shawara a hankali cewa a sare ƙafafun a zare ƙarfen. Sai a lokacin Malam Sambo ya yi magana.

"Ba za a sare ta ba. Ku haƙa a nan."

Muka haƙa a gindin turken, ƙasa kamar dutse, ana karɓa-karɓa da diga har rana ta yi ja. Muka mirgina ta ciki, sarƙar ta bi ta ta miƙe daga turken zuwa ramin. Na sauke 'yar na kwantar a jikin ƙirjinta. An ɗauki fartanya za a fara turawa, sai Malam Sambo ya ɗaga hannu.

"Ku dakata."

Ya zauna a bakin ramin ya zame ciki. Muna tsaye muna kallon bayansa, ya sunkuya ya sake gwada makullin. Bai buɗe ba. Na miƙa masa hannu ya fito, muka tura ƙasa.